Ɗingishin Ranar Alhamis

"Zauna mana," na ce.

"Tsayuwar ta fi min daɗi, Malama."

"Kujerar ce ta yi maka laifi, ko ni?"

Ya yi murmushin nan da yake yi wa teloli idan sun zo karɓar kekensu alhali ko kwance shi bai yi ba. Ya jingina da bango, ya ɗora nauyinsa a ƙafar hagu. Turaren da ya fesa kuwa, kai ka ce kwalbar ce ta fashe a jikinsa.

"Daga ina kake?"

"Shago."

"Na biya ta shagon da aka tashi makaranta. A kulle yake."

"Na je sayen kayan gyara ne..."

"Ina kayan?"

Ya sosa ƙeya.

Ni malamar aji uku ce. Shekara takwas ina kama yara da ƙarya, daga yadda yaro ya rungume jakarsa na san bai yi aikin gida ba. Mijina kuwa, da nake tsokana da Injiniya duk da keken ɗinki yake gyarawa, ko ɗan aji ɗaya ya fi shi iya ƙarya.

Na ciro kalanda daga jikin ƙusa na shimfiɗa masa a tebur. Da jan biron da nake duba aikin yara na zagaye ranakun.

"Duba nan. Alhamis... Alhamis... Alhamis! Duk bayan sati huɗu, ko kuskure babu. Ka kulle shago, ka kashe waya, ka dawo kana ɗingishi kana ƙamshin turaren da ba ni na saya maka ba!"

"Ashe rajista kika buɗe min."

"Kar ka mai da ni abin wasa! Wace ce?"

"Wallahi babu wata, Malamata."

"To mene ne?"

Ya buɗe baki zai yi magana, sai na ji haƙoransa na haɗuwa. Zazzaɓin nan ne ya dawo, wanda ya yi sati uku yana zuwa yana tafiya. Ina cika ina batsewa na ɗauko masa bargo, na lulluɓe shi. Ya kwanta a gefe ɗaya, ya ƙi juyawa ɗaya gefen, ni kuma na lura da hakan ma.

Ina son mutumin nan, kar a yi zaton wani abu. Tsohon keken mahaifiyata na kai masa gyara, ya riƙe shi sati biyar, kullum da sabon dalili: yau bel, gobe allura, jibi man da ya dace bai iso ba. Sai bayan aurenmu ya yarda cewa a ranar farko ya gama aikin. Shi ne mutum na farko da ya sa ni dariya har da hawaye tun rasuwar babana, wanda na yi jinya shekara uku ina yarinya, ciwon zuciya na cinsa a gaban idona.

Kuma ban rage shi da komai ba. Lokacin da haƙorinsa ya ruɓe kumatu ya kumbura, ni na ɗauki hutu na raka shi wajen likitan haƙori, ni na cika masa takarda, ni na riƙe masa hannu har aka cire. To me wata za ta yi masa da ban yi ba?

Zazzaɓin bai tafi ba. Mai kantin magani ya ba shi na cizon sauro, ya sha, ya ba shi wani, ya sha. Duk safiya sai na cire zanen gado jiƙe sharkaf da gumi. Wandonsa ya fara zamewa, ya ƙara huda a bel. Abinci ya ci loma uku ya ture.

Wata safiya ina yanke masa farce na ga wasu siraran layuka ja-ja a ƙarƙashin farcen, kamar tsinke ya shige. A tafin hannunsa kuma ga 'yan ɗige-ɗige.

"Mene ne wannan?"

"Aiki ne. Allurar keke ba ta san mai gida ba."

"Har a tafin ƙafa? A can ma na gani."

Ya janye hannunsa. "Ke dai komai sai kin yi masa jan biro."

"Mu je asibiti."

"Ba na zuwa."

"Don me?"

"Haka nan!"

Bai taɓa ɗaga min murya ba sai ranar. Kuma ba fushi na gani a idonsa ba, tsoro na gani. Mutumin da ke tsoron likita ya duba shi, me yake ɓoyewa a jikinsa?

Na wanke ƙafa na tafi wajen mahaifiyarsa. Na same ta tana ninke kayan wanki. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da fara'a, har da tambayar yarana na makaranta. Ina ambaton Alhamis hannunta ya tsaya a kan zanen da take ninkewa.

"Mama, ina yake zuwa?"

"'Yar nan, namiji ai ba a bin sawunsa."

"Yana ramewa, Mama. Ya ƙi asibiti."

"Zan yi masa magana."

"Kin san inda yake zuwa ke nan?"

Ta ninke zanen, ta warware, ta sake ninkewa. "Ki yi haƙuri. Ɗana ba mutumin banza ba ne, wannan kaɗai zan ce miki."

Na yi mata sallama na fito. Ashe har da ita. Duk 'yata, 'yata da take ce min, ashe ni kaɗai ce baƙuwa a gidan.

Alhamis ta gaba da na zagaye, ko tashi bai iya yi ba. Na aika makaranta cewa ba zan zo ba. Wajen ƙarfe goma na safe yana kwance yana rawar ɗari wayarsa ta yi ƙara a kan tebur. Na duba. Ba suna aka rubuta ba, rana aka rubuta: Alhamis.

Na fita tsakar gida na ɗauka, ban ce uffan ba.

"Ina ka shiga ne?" Muryar mace, a tausashe. "Tun safe nake jiranka, ka san ba na son ka tsallake..."

Na kashe. Na zare makullin shagon daga aljihun rigarsa.

Shagon ɗan ƙarami ne, kekuna jere a kan benci babu kawuna, ƙamshin man keke ko'ina. Na san inda komai yake, don ni nake share masa ranar Asabar. Durowa ɗaya ce kawai yake kullewa, wai ta ƙananan sukurori ce. Na gwada makullai uku, na huɗu ya buɗe.

Wasiƙa nake nema, ko hoto, ko ɗan kunne. Gwangwanin biskit na samu. A ciki sirinji ne sababbi a ledarsu, da auduga, da ƙananan kwalabe huɗu masu farin gari. An kankare takardar jikin kowace kwalba tas, da reza, irin aikin mai haƙuri.

Na zauna a ƙasa, a cikin ƙurar shagon.

Na san abin da ake faɗa a kan masu yi wa kansu allura. An yi mana taro a kai a makaranta: rama, gumi, ƙin abinci, ɓoye-ɓoye, tsoron likita. Ɗaya bayan ɗaya na yi musu maki a raina, duk ya cinye. Da na fito neman mace, yanzu na koma ina addu'ar da ma macen ce kawai.

Na jefa gwangwanin a jaka na koma gida da niyyar yau sai an yi ta ta ƙare.

Ba a yi ba. Na tarar da Mama a bakin gado tana kiran sunansa, shi kuma yana kallon silin yana magana da wani tela da babu shi a ɗakin.

"Gobe ka dawo... bel ɗin bai iso ba..."

"Injiniya! Ni ce!"

Ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba. Jikinsa wuta, hannayensa kuwa sanyi ƙalau. Numfashi yake yi sama-sama, kamar wanda ya yi gudu. Sai a lokacin na tuna tun jiya ban ga ya shiga banɗaki ba.

Maƙwabcinmu mai tasi ne ya kai mu. A ɗakin gaggawa ba su tsaya dogon tambaya ba, nas ta ɗaura masa abin awon jini, ta kalli lambar, ta ƙwala wa likita kira. Kafin in ajiye jaka an sa masa ƙarin ruwa a hannu biyu, an ɗebi jini daga wurare uku an zuba a kwalabe, an fara magani ta jijiya.

Likitar mace ce, gajera, mai tabarau, ba ta da lokacin kwana-kwana. Ta daɗe da abin saurare a ƙirjinsa. Ta juya tafin hannunsa, ta duba farce, ta buɗe fatar idonsa. Sannan ta kira mu wani ƙaramin ofis, ni da Mama.

"Cuta ta shiga jininsa," ta ce. "Ta bazu, jininsa ya sauka, ƙodarsa ta fara gajiya. Kuma ina zargin daga zuciya take watsuwa. A cikin zuciya akwai 'yan ƙofofi da ke buɗewa su rufe da kowane bugu. Idan ƙwayar cuta ta samu wajen zama a jikin ɗaya, sai ta yi ta zuba cikin jini. Ɗige-ɗigen hannunsa daga can suke."

Zuciya. Na dafa tebur.

"Ku faɗa min gaskiya, don da ita zan zaɓi magani. Yana da ciwon zuciya tun da?"

"A'a," na ce da sauri. "Ko kaɗan."

Mama ta kalli ƙasa.

"To yana yi wa kansa allura? Kun gane abin da nake nufi. Ba don in kunyata kowa nake tambaya ba."

"Subhanallahi!" in ji Mama. "Ɗana?"

Jakar na kan cinyata, ina jin gefen gwangwanin na tokare ni. Idan na fito da shi na tona wa mijina asiri a gaban uwarsa da baƙuwa, kuma ba zai goge ba har abada. Idan na yi shiru, na rufe masa asiri na kai shi kabari da shi. Na kalli Mama, ta girgiza min kai a hankali, duk da ba ta san abin da ke jakar ba. Ko ta sani?

Na zazzage gwangwanin a kan tebur. Kwalba ɗaya ta gangara, likita ta tare ta da hannu.

"A shagonsa na samu. Duk bayan sati huɗu, ranar Alhamis, yake zuwa wajen wata mata. Ya dawo yana ɗingishi, ba ya iya zama."

"'Yar nan!" Muryar Mama ta karye. "Me kika yi haka?"

"Ransa nake so, Mama! In ya tashi ya sake ni!"

Likita ta ɗaga kwalbar ta kalli murfin, ta juya ta, ta duba girman allurar da ke leda. Ta cire tabarau.

"Duk sati huɗu kika ce? Kuma a mazaunai?"

"Ban sani ba... gefe ɗaya dai yake kwanciya."

"Na duba hannayensa da ƙafafunsa, babu tabon allura a jijiya ko ɗaya. Wannan kuma ta yi min kama da allurar da muke yi wa masu..." Ta juya ga Mama. "Hajiya, yana yaro ya taɓa ciwon maƙogwaro, gaɓoɓinsa suka kumbura?"

Mama ta kau da kai gefe.

"Hajiya, ɗanki yana tsakanin rai da mutuwa."

"Na yi masa alkawari..."

"Wane alkawari?" Na durƙusa a gabanta, na kama gefen mayafinta. "Mama, don girman Allah! Wane alkawari ne ya fi ransa?"

Sai ta fashe da kuka, irin kukan da aka daɗe ana haɗiyewa.

"Yana shekara tara. Gwiwoyinsa suka kumbura, ya yi wata biyu a kwance. Da ya tashi suka ce ciwon ya taɓa masa ƙofar zuciya, sai an riƙa yi masa allura duk sati huɗu don kar ya dawo. Matar da kike faɗa, nas ce, ta yi ritaya, ta girme ni. Tun yana ɗan ƙarami take yi masa. Turaren kuma don kar ki ji warin magani ne."

"To me ya sa..." Na saki mayafinta. "Me ya sa ni ba a faɗa min ba?"

Ta share ido da bakin mayafi, ta kalle ni. Babu zargi a kallon, da ma akwai da ya fi min sauƙi.

"Ranar da ya je zai faɗa miki, kafin a sa rana, ya dawo ya zauna a gabana kamar an zare masa laka. Ya ce kina ba shi labarin babanki kina kuka. Kika ce ko maza sun ƙare ba za ki auri mai ciwon zuciya ba, kin yi jinya ɗaya ta ishe ki har abada."

Na tuna. A kan benci ne, a ƙofar gidanmu, yana riƙe da wata takarda a ninke yana ta juya ta a hannu. Na tambaye shi ta mece ce, ya ce lissafin kayan gyara ne, ya sosa ƙeya. Ni mai kama ƙarya, ranar ban kama ba.

Kwana huɗu yana ɗakin kulawa ta musamman, ana barinmu mu gan shi minti goma-goma. Ni da Mama muna zaune a benci ɗaya a baranda, kowacce na kallon gabanta. Rana ta biyu ta buɗe kwanon abinci ta tura min gabana.

"Ci."

"Ba na jin yunwa, Mama."

"Ban tambaye ki ba."

Na ci, ina ci ina hawaye.

Tsohuwar nas ɗin ma ta zo, da sandarta da tabarau mai igiya. Muryar dai ita ce, mai taushin nan. Ta ce tun watan jiya ta ga ya rame, ta ce ya je asibiti, ya yi mata alkawari ya saɓa. Na gaishe ta har ƙasa, kunya kamar in nutse.

Rana ta uku likita ta kira ni ni kaɗai. Hoton zuciya ya nuna abin da ta zarga: tsohuwar ƙofar da ta lalace tun yarinta, ga cuta ta yi tsiro a jikinta. Jinin da aka ɗiba kuma ya nuna ƙwayar.

"Irin wadda ke zama a baki ce," ta ce. "An taɓa masa haƙori kwanan nan?"

"An cire masa ɗaya... wata biyu da suka wuce."

"To ga hanyar. Idan aka cire ruɓaɓɓen haƙori, ƙwayoyin kan shiga jini. Lafiyayyar zuciya ba su cika samun wajen kamawa ba, amma ƙofa mai tabo irin tasa sai su maƙale. Allurarsa ta wata-wata ba ta tsare wannan. Da likitan haƙorin ya san da ciwon, da ya yi masa shiri na daban, kuma da zazzaɓin farko za a ce ya zo a duba jini. Ai suna tambaya a takarda. Ban san me ya sa bai faɗa ba."

Ni na sani.

Ranar, a wajen likitan haƙorin, kumatunsa a kumbure, ba ya iya magana sosai, sai na karɓi takardar na ce kawo, rubutunka ma sai kai. Ina karantawa da ƙarfi irin na aji, ina yin maki. Ciwon suga? A'a. Hawan jini? A'a. Da na zo kan ciwon zuciya sai na yi dariya na ce, "Allah ya tsare, ai da ba ka gan ni a gidanka ba!" Na ɗago na kalle shi. Ya kalle ni, hannunsa a kumatu, ya daɗe... sannan ya girgiza kai.

Na yi maki a kan A'a. Da hannuna, da rubutuna mai kyau.

Ban san lokacin da na fito daga ofishin ba. A bakin famfon baranda na tsinci kaina, ruwa na zuba, ina ta wanke hannun da ba abin da ya taɓa.

Rana ta biyar ya farfaɗo sosai, aka mai da shi ɗaki. Na shiga da yamma, rana ta faɗo a kan gadonsa. Ya rame har kunnuwansa sun yi girma. Da ya gan ni ya juya fuska bango.

"Mama ta ce kin ga gwangwanin."

"Na gani."

"To... ba zan riƙe ki ba, Malama. Kin faɗa tun farko, ni na yi miki ha'inci. In kina son takardarki..."

"Rufe min baki!"

Nas ta leƙo, na ba ta haƙuri, na rage murya.

"Ka san me na ɗauke ka? Na ɗauke ka mai neman mata. Na ɗauke ka ɗan ƙwaya! Na zazzage kayanka a gaban mahaifiyarka! Wata goma sha biyar ina kwana da kai ina tashi da kai ina zarginka, kai kuma kana kankare kwalba da reza!"

"Tsoro nake ji."

"Tsoron me?"

"Ki tafi." Ya juyo, idonsa ya cika. "Duk Alhamis in na fito daga wajenta sai in ce yau zan faɗa. In shigo in ga kina duba littattafan yara kina faɗa da su ke kaɗai, sai in ce bari sai wani watan. A wajen haƙorin ma saura kaɗan... sai kika yi dariya."

"Na sani." Na zauna a bakin gadon. "Ni na rubuta. Ni na kusa kashe ka."

"A'a. Ke tambaya kika yi, ni na ba da amsa."

"Maganar yarinya ce mai kewar ubanta, Injiniya. Ban san da mutum a gabana da za ta faɗa wa a ka ba. Da ka ce min kai ne, da na haɗiye ta a wajen."

"Da gaske?"

Na so in ce e nan take. Amma ƙarya ta ishe mu haka.

"Ban sani ba. Wataƙila da na gudu sati ɗaya... wataƙila biyu. Amma ai kekenmu na wajenka, dole in dawo."

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari, tarin ya zama kuka. Na kifa kaina a kafaɗarsa, a hankali saboda robar ƙarin ruwa.

"Ka yafe min, abin ƙaunata."

"Ke za ki yafe min, Malamata."

Sati shida aka yi ana ba shi magani ta jijiya, ba fashi. Zazzaɓin ya tafi, ƙoda ta dawo, ɗige-ɗigen suka dushe. Amma cutar ta riga ta cinye ƙofar, tana yoyo, ko banɗaki ya je sai ya dawo yana haki. Matashi uku na jera masa a baya don ya samu numfashi, daidai yadda nake jera wa babana. Hannuna ya tuna aikin tun kafin ni in tuna. Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na dawo. Jinyar da na rantse ba zan sake ba, ga ni a cikinta tsundum, kuma ko da sanda aka kore ni ba zan tafi ba.

Likita ta ce sai an yi tiyata an sa masa ta ƙarfe.

"Canjin bawul ke nan, kamar na inji," in ji Injiniya. "Likita, in kuna da na hannu mai kyau..."

"Wa ya tambaye ka?" Mama ta dungure masa kai.

Da safen tiyatar nas ta kawo takarda a kan allo, ta miƙa masa. Ya kalli takardar, ya kalle ni, ya miƙo min.

"Rubutunki ya fi kyau."

Na lalubi jaka, jan birona kaɗai na samu. Nas ta ce ba a cikawa da ja, ta ba ni nata. Na karanta a hankali, ba irin na aji ba. Da na zo layin, na ɗago na kalle shi.

"Ciwon zuciya?" na ce.

"E," ya ce, yana kallon cikin idona. "Tun ina shekara tara."

Na yi maki. Na ƙara da rubuta allurar, da ranarta, da lambar tsohuwar nas, har na cika gefen takardar.

Awa shida suka yi da shi. Ni da Mama muna bencinmu, hannunta cikin nawa, har sai da yatsuna suka mutu. Da likitan tiyata ya fito ya sauke abin rufe baki yana murmushi, Mama ce ta fara zubewa ƙasa, ni na bi ta.

Yanzu shekara guda ke nan. Yana shan maganin tsinka jini kullum, ni nake miƙa masa. Goge haƙori da buroshi sau biyu a rana, ina tsaye a kansa kamar mai gadin jarrabawa. Kalanda na nan da zagayenta, sai dai yanzu tare muke zuwa, ni nake riƙe gwangwanin, kuma kwalaben da takardunsu. A hanyar dawowa ya dafa kafaɗata ya yi ɗingishinsa a fili.

Ba su faɗa mana ƙofar ƙarfen tana ƙara ba. Idan ɗaki ya yi tsit sai ka ji ta, ƙyas... ƙyas... ƙyas, kamar ƙaramin agogo a aljihun riga. Da farko tana tsorata ni. Yanzu in ban ji ta ba sai na matso.

Jiya da rana na dawo daga makaranta na tarar da shi zaune a falo, ya yi wani laƙwas.

"Wa ya shanye lemon da na ajiye wa Mama?"

"Ban gani ba, Malama."

Bai sosa ƙeya ba, ya koyi riƙe hannunsa. Na ajiye jaka, na zauna kusa da shi, na ɗora kunnena a ƙirjinsa. Ƙyas-ƙyas-ƙyas-ƙyas, har tana tuntuɓe.

"Maimaita," na ce.

"Ni na sha," ya ce.

Ban ɗaga kaina ba. Na bar shi a wajen, ina saurare har ta koma daidai.